Duwatsu Uku a Hanyar Gwaram

Kun tashi kuna jin ana cewa Baffanku Sabo ya kusa kashe kakanku da ganganci, shi ya sa ya bar gida ya tafi Ikko bai sake waiwayowa ba. Kun ji a bakin dangi, kun ji a bakin maƙwabta, ni kuma ina zaune ana faɗa ban taɓa cewa uffan ba. To yau zan ce. Kada wani a cikinku ya tsallake wannan babin don yana sauri ya kai labarin aikin hajjina, na san halinku sarai.

Kakanku Malam Garba mai magani ne, kuma kada ku kuskura ku ce boka, da zai ji da ya ci mutuncinku. Saiwa ce da sassaƙe da ganye, sai Bisimilla. Daga ƙauyenmu da ke gefen Unguwar Ya har cikin Birnin Kudu babu gidan da bai san jakarsa ba, wata baƙar jakar fata da ya gada a wurin ubansa. Ƙa'idar gidanmu kuwa mutum ɗaya ake ba jakar, ba a raba ta, ba a yin tarayya a kanta. Mu biyu ne maza, uwa ɗaya uba ɗaya: ni Idi, ni ne ɗan fari, sai Sabo da na ba shekara biyar. Kun san yadda iyayen zamanin da suke da ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai" ko "wannan", Inna kuwa ko ido ba ta haɗawa da ni, in tana da magana sai ta faɗa wa bango ni kuma in tsinta. Kowa ya san kunya ce. Ni ma na sani da kaina, amma sani daban, abin da ciki yake ji daban, musamman in kana ji ana "Sabo, Sabo" tun daga asuba.

Aikinmu yana da wata hanya da wanda ba ɗan gida ba bai sani ba. Maganin da ke cikin ƙasa, a farkon damina ake ganinsa, a rani ake haƙa shi. In ka haƙa da damina ruwa ne zalla, ba shi da ƙarfi. In ka bari sai rani kuma ganye ya bushe, wutar daji ta cinye sauran, ba ka ganin komai sai toka. Saboda haka da zarar an yi ruwan shuka, kafin ciyawa ta rufe ƙasa, sai Baba ya ɗauki sanda ya bi tsohuwar hanyar ƙafa ta Gwaram. Duk inda abin da yake so ya yi fure, sai ya ɗora duwatsu uku a gindinsa kamar murhu. In rani ya yi, duwatsun ake nema.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira. Kuɗin mai ya fara shigowa, samari suna ta zubewa birane, wani kamfanin yin titi ya kafa sansani yana ɗiban leburori har da masu koyon tuƙi. Sa'o'ina biyu sun shiga, kafin ka ce kwabo sun dawo da rediyo da agogon hannu. Ni ma an yi mini tayi, na ƙi. Na ce ina da gado a gida, wa zai bar jakar ubansa ya je yana shaƙar kwalta? Uwarku Hajara, a lokacin muna da goyon fari, ta dube ni ta ce:

"Allah ya sa dai an ce maka taka ce."

Na ce mata ta iya bakinta. Ta iya, amma maganar ta zauna mini.

Muka fita mu uku kwana huɗu bayan ruwan farko mai ƙarfi. Ni ne da kaya: buhun guzuri, gora, gatari, tabarmar Baba, har da butarsa. Sabo hannunsa sake, yana gefen Baba kafaɗa da kafaɗa. Ba zan yi muku ƙarya ba, dajin nan a wannan lokacin ya isa kallo, kuma ku da kuka tashi kuka tarar an mai da shi gonaki ba za ku gane ba. Ƙasa tana ƙamshi, shamuwa ta sauka tana tafiyar ƙasaita a cikin sabuwar ciyawa, ɗan jan ƙwaron nan mai laushi kamar karammiski ya fito yana yawo a kan yashi. Marga ta saki furenta rawaya reto-reto, gauɗe kuwa tun kafin ka gan shi hancinka ya gaya maka. A gindin itatuwa lemun kwaɗi ya tsattsago da furensa shuɗi-shuɗi, babu ganye ko ɗaya, sai ka ce wani ne ya bi ya soka su. Fakara tana tashi daga ƙafarka, cilakowa tana bin mu daga itace zuwa itace, can cikin kwari ragon maza yana ta kukansa. A kan duwatsu muka ga rema sun fito shan hantsi, jajayen birai kuma suka tsallake hanya, uwar tana gaba da ɗanta a manne a ciki. Duk na gan su. Amma na gan su ne ta bayan ƙeyar mutum biyu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayar da Baba yake yi. Ba a yin taku ɗari sai ya tsaya ya ce:

"Sabo, me ka gani?"

Shi kuwa sai ya zuba. Ga rumana can ta fito, ga gatarin kurege ya fara hawa sabara, ga inda beguwa ta yi tono jiya, ga ɗan gada kwance a ƙarƙashin geza, mu rage murya kada uwar ta ƙi dawowa. Kuma gaskiya ne, in ka duba sai ka ga ɗan gadar nan lafe, kunnuwa kawai ke motsi. Yaron nan Allah ya ba shi ido, ni kuma a lokacin da za a ce in zaɓa tsakanin nawa idon ya ƙaru ko nasa ya ragu, na san abin da zan zaɓa. Sau ɗaya na yi karambani. Na hango minjirya ta yi ja a gefen wani kwazazzabo, na ce, "Baba, ga minjirya." Ya ce, "To." Ko juyowa bai yi ba. Na gyara zaman buhu a kaina, na ce a raina kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Muka kwana a wata rugar Fulani, washegari da hantsi muka ƙetare wani rafi muka iso wurin da ya kawo mu. Fili ne ɗan madaidaici, da marke guda a tsakiya da wani tsohon suri. A nan farin gadali yake, wanda Baba yake haɗa maganin masu ciwon ƙirji da shi, kuma duk ƙasarmu a nan kaɗai ya san yana fitowa. Ranar ya buɗe, fari tas da ɗan jan layi a tsakiyar kowane fure, kuma kwana biyu ko uku kawai yake yi ya zube. Taku goma daga nan, a jikin surin, akwai wani abu da ya fito da dogon kara da ƙananan furanni marasa kyan gani. Baba ya sa Sabo ya kai shi gabansa, ya shafa karan, sannan ya ce, yana magana da Sabo amma da ƙarfi yadda zan ji:

"Wannan albasar kura ce. Ka duba, ko beguwa ba ta tona ta. A ƙasa kamarsu ɗaya da gadali, kai ɗaya, ɓawo ɗaya, sai an yanka ake ganin cikinta ya ɗan yi ja. Mai shan ta sai wani ikon Allah."

Daga nan ya koma gindin gadalin. Na sauke kaya na tsinto masa duwatsu uku kamar yadda na saba duk shekara, na miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya ce:

"A ba Sabo ya ɗora."

Ku ba za ku san nauyin wannan maganar ba sai na fassara muku. A gidanmu hannun da ya ɗora dutse shi ke haƙa, hannun da ya haƙa kuma shi ke da jaka. Shekara bakwai ina bin hanyar nan da kaya a ka, ban taɓa ɗora dutse ba. Na miƙa wa ƙanena duwatsun da hannuna, ya durƙusa ya jera su, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Ya dube ni ya ce, "Yaya, sun zauna daidai?" Ba da izgili ya faɗa ba, da zuciya ɗaya yake tambaya, kuma wannan ya fi izgilin ciwo. Na ce sun zauna.

Daminar nan ban san yadda na yi ta ba. Ina noma ina lissafin abin da aka yi mini. In na ji dariyarsu daga zaure sai in ture kwanon tuwo in tashi. In mara lafiya ya zo ya ce "ina ɗan Malam?" na san ba ni ake nufi ba. Sa'o'ina na kamfani suka zo hutu da babur, ɗaya ya tambaye ni wai yaushe za a naɗa ni sarkin magani, aka yi dariya, ni ma na yi. Uwarku ta gaji da ganin fuskata a ɗaure, wata rana tana tankaɗe ta ce:

"Ka je ka tambaye shi mana. Ubanka ne, ba dodo ba."

Na ce ɗan fari ba ya tambaya. Ta ce to ɗan fari ya ci kansa. Ba ta san kusan abin da ya faru ke nan ba.

Da kaka ta yi aka gama yankan gero, Baba ya aike ni kasuwar Gwaram in sayo jar kanwa. Akwai mota, ana samunta ranar kasuwa. Na ce zan bi ƙafa. Kada in yaudare ku in ce shaiɗan ne ya fizge ni a hanya, tun daga gida na san inda za ni. Na isa gindin marken washegari da rana tsaka, babu kowa sai wani damo a kan surin, ya ɗaga kai ya dube ni ya shige rami. Ciyawa ta bushe. Na nemo duwatsun Sabo, sun nutse a ƙasa saboda ruwan damina, sai da na sa bakin gatari na ɓanɓaro su. Na kai su jikin surin, inda busasshen karan albasar kura yake tsaye, na karya karan na jefar, na jera duwatsun kamar yadda Sabo ya jera. Abin da na tsara a raina ɗan kaɗan ne, wallahi ɗan kaɗan. Sabo zai haƙo, Baba zai yanka ya ga ja, zai ce ashe idon da ake yabo bai kai ba, sai a tuna akwai wani a gidan. Na wanke hannu a rafi na wuce Gwaram, na sayo kanwa mai kyau, har Baba ya yaba.

Rani ya yi, wuta ta ci dajin kamar kullum. Sabo ya tafi shi kaɗai da dagi, ya dawo da kawuna shida a cikin buhu, ya ajiye a ƙofar ɗakin Baba. Shi kakanku ba ya haɗa magani a gaban kowa, ko wanda zai gaje shi sai ranar da ya karɓi jaka yake shiga ɗakin. Ranar da na ga ya sa an ɗora masa tukunya, sai na tsiri zuwa fadama duba rogo. Na ƙi zama ne don kada a yi wa Sabo faɗa a gabana fuskata ta tona ni. Ina can ina ta ɓata lokaci, har ina shirya yadda zan ce "a yi masa haƙuri, Baba, yaro ne." Akwai abu ɗaya da na sani tun ina ƙarami amma ban sa shi a lissafi ba, don ban taɓa zaton za a kai can ba: Baba ba ya ba kowa magani sai ya fara shan ludayi guda shi da kansa.

Da la'asar na dawo na tarar da gida cike. Baba yana kwance a tsakar gida a kan tabarma, ya yi amai har babu abin da ke fitowa, gumi ya jiƙa shi, leɓɓansa sun canza. Sabo yana riƙe da kan Baba. Na kutsa ɗakin maganin, karo na farko a rayuwata, na ga kan albasar da aka yanka a kan faifai. Ja ne, jan da ko daga bakin ƙofa ana gani. Na fito ina cewa ya aka yi bai gani ba, ya aka yi bai gani ba. Inna tana durƙushe tana yi masa fifita. Ba ta dube ni ba, ta juya wajen uwarku ta ce:

"Da wane ido zai gani? Shekara biyu ke nan da murya yake gane mutane. Ya hana a faɗa, wai wa zai zo wurin mai maganin da ya kasa da nasa idon. Ƙaramin ne kawai ya sani, shi yake yi masa jagora."

Uwarku ta ce, "To shi babban me ya sa ba a gaya masa ba?"

Inna ta ce, "Da wane baki zai ce wa ɗan fari ja ni?"

A nan na gane "Sabo, me ka gani?" Ba jarrabawa ba ce, ba yabo ba ne, makaho ne yake tambayar hanya. Minjiryar da na nuna masa ya ce "to", bai gan ta ba ne. Ko da ma Baba ya yi niyyar ba Sabo jakar, ko kuwa larura ce ta sa, wannan ban sani ba har yau, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Aka ɗora shi a kan amalanke zuwa bakin titi, daga nan aka samu mota zuwa asibitin Birnin Kudu. Ku yi tunanin wannan: Malam Garba mai magani, ana ratsa gari da shi a kwance za a kai shi wurin masu allura, mutane suna leƙe. Ya yi kwana tara. Ya tashi, amma ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ya wuce masallacin ƙofar gida ba, hannunsa na dama kuma ya kama rawa. Sati biyu da dawowarsa ya sa aka kira mu zaure. Jakar tana gabansa. Ya ce:

"Sabo, ban kore ka ba, ban kuma yi maka baki ba. Amma da wani na ba, ba ni na sha ba, da yanzu akwai rai a wuyanmu. Hannunka ba zai taɓa jakar nan ba."

Sannan ya tura ta gefen da ya ji numfashina ya ce, "A ɗauka." Na ɗauka. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Sabo ya ce dai Allah ya ƙara sauƙi, ya tashi. Washegari aka neme shi aka rasa, sai bayan kwana biyu ya dawo ƙafafunsa duk toka. Ya gaya wa Inna ya samu wani direban babbar mota da zai tafi da shi Ikko. Inna ta yi kuka, Baba ya ce a bar shi.

Ni na raka shi tashar Birnin Kudu, na ɗaukar masa akwatinsa a ka. Duk hanya muna maganar banza, tsadar taki, wanda ya yi aure, wanda ya mutu. Da muka isa ana ɗaure kaya, sai ya ja ni gefe, bayan rumfar mai shayi. Ya ce:

"Yaya, na koma wurin."

Na ce, "Wane wuri?"

Ya ce, "Gindin marke. Dutsen da ya sha damina yana barin gurbi. Na ga gurbi uku inda na ɗora, har da sawun bakin gatari. Mu uku muka san wurin nan, ɗaya kuma ba ya gani."

Na so in rantse, na so in yi fushi, babu wanda ya zo. Abin da ya fito kawai shi ne, "Me ya hana ka faɗa?"

Ya juya yana kallon masu ɗaure kaya. Ya ce:

"Tsohon nan saura kaɗan gare shi. Zai iya ɗaukar ɗa mai ganganci. Ɗa mai mugunta kuwa, ba zai iya ba. Ka riƙe jakar da kyau, kuma in za ka ɗora dutse ka duba sau biyu, kai idonka ba ya rarrabe rawaya da fari in rana ta yi."

Har a lokacin gyara mini aiki yake yi. Ya karɓi akwatinsa, ya hau bayan motar ya zauna a kan buhunan gyaɗa. Zan so in ce muku kunya ce ta fara kama ni, ko nadama. Sun zo daga baya, sun kuma zauna. Amma abin da ya fara taso mini ina tsaye a tashar nan, da jakar ubana a gida tana jirana, shi ne tsohon abin nan dai: ga shi har a nan ma ya fi ni. Motar ta tashi, ya ɗaga mini hannu, ban iya ɗaga nawa ba. A Ikko ya yi aure, a can ya haifi 'yan uwanku da ba ku taɓa gani ba, a can aka binne shi.

Na dawo gida da yamma na tarar da Baba a zaure, ya jingina da bango, hannun nan yana rawa a kan gwiwarsa. Ya ji takuna ya ɗago kai.

"Ya tafi?"

Na ce ya tafi.

Sai ya ce, a hankali, kamar mai jin nauyin tambayar:

"Bai ce komai ba?"

Na ce, "A'a, Baba. Bai ce komai ba."